Moth, jirgin katako da ƙyalle da ya fitar da tuƙin jirgin sama daga hannun soja

Da aka gama Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1918 Ingila ta wayi gari da jirage jibge dubbai da injina a sito-sito da matuƙa ba adadi waɗanda aka sallama ba aikin yi, amma duk da wannan tarin kaya in kai farar hula ne kana son ka koyi tuƙin jirgi ko ka mallaki naka, to babu wanda ya dace da kai. Jiragen yaƙin nan manya ne, shan mansu ba na wasa bane, gyaransu sai da tawagar makanikai, ga shi sai ka nemi ƙaton rumfa ka ajiye. Mutum ɗaya bazai iya ɗaukar nauyinsu ba ko da kuwa kyauta aka bashi.

Gwamnatinsu ta ga matsalar amma ta bi ta inda ba nan bane. A 1923 aka shirya gasa a wani fili da ake kira Lympne aka ce kowa ya kawo ƙaramin jirgi amma injin kada ya wuce cc 750, wato injin babur kenan ba ƙari. An samu jirage biyu da suka yi mil 87 da rabi da galan ɗaya na fetur, jaridu suka yi ta yayatawa, sai dai kuma jiragen in iska ta ɗan taso basa iya gaba, wasu ma da ƙyar suke barin ƙasa. Shekarar da ta biyo aka sake gasa ta masu kujera biyu aka ɗaga injin zuwa cc 1,100, nan ma dai sammakal. Kowa ya ƙwallafa rai akan tsimin mai, an manta cewa wanda zai sayi jirgi so yake ya tashi daga gari ya sauka wani gari da abokin tafiya da 'yar jakarsa, ko da iska ko babu.

Geoffrey de Havilland yana cikin waɗanda suka shiga gasar 1923 da wani ɗan jirgi DH.53, kuma shi da kansa ya ga abin bazai kai ko ina ba. Mutumin ba baƙo bane a harkar, tun 1910 ya tashi da jirgin da ya ƙera da hannunsa, lokacin yaƙi shi ya zana DH.4 da DH.9, ya kafa kamfaninsa a 1920 a wani fili mai suna Stag Lane a gefen Landan. Bayan ƙaramin ya gaza sai ya gwada babba, DH.51 mai ɗaukar mutum uku a 1924, shi kuma tsada ta kashe masa kasuwa, uku kacal aka yi, ɗaya daga ciki aka kai Kenya kuma shine jirgi na farko da aka yi wa rajista a can. Kaga ya ɗanɗana ƙarami ya ɗanɗana babba, sai ya gane abinda yake nema yana tsakiya, matsalar kawai babu injin da ya dace da tsakiyar nan a kasuwa.

A nan ne ni a ganina asalin labarin yake, ba a wurin jaruman da suka zo daga baya ba. Akwai wani kamfani Aircraft Disposal Company da ya saye ragowar kayan yaƙi yana gwanjonsu, a sitonsa akwai tarin injinan Renault masu silinda takwas da iska ke sanyaya su, ana sayarwa a banza. De Havilland ya samu wani injiniya Frank Halford yace masa me zai hana a raba injin nan biyu, a ɗebi silinda huɗu a jera su a layi ɗaya a yi musu sabon gida. Halford ya zauna ya yi, aka samu inji mai ƙarfin doki 60 aka sa masa suna Cirrus. Da ragowar kayan da kowa ya raina aka haɗa shi, saboda haka ya zo da araha, kuma tunda ba a matsa masa ba sosai baya saurin lalacewa.

Akan wannan injin aka gina jirgin, DH.60, aka kira shi Moth don shi de Havilland mutum ne mai sha'awar tara ƙwari dangin malam-buɗe-littafi tun yana yaro. Ranar 22 ga Fabrairu 1925 shi da kansa ya tashi da na farko a Stag Lane, lambarsa G-EBKT.

In ka ga jirgin zaka yi mamakin sauƙinsa. Gangar jikin akwati ne na katako an lulluɓe da filawud, fukafukai hawa biyu ɗaya a sama ɗaya a ƙasa an haɗa su da sanduna da wayoyi, ƙashinsu katako an ja ƙyalle an shafe da wani ruwan gam da yake sa shi ya ɗame. Faɗin fukafukan kusan ƙafa 30 ne. Kujera biyu gaba da baya duk a buɗe ba rufi, matuƙi a baya yake zama fasinja a gaba, in zasu yi magana sai ta wani bututun roba da ya haɗa kunnen wannan da bakin wancan. Tankin mai a tsakiyar fiffiken sama yake, bisa kan inji, don haka man da kansa yake gangarowa ba ruwanka da famfon da zai lalace maka a sama. Babu burki, a wutsiya wani ƙarfe ne yake jan ƙasa ya tsayar da kai. Sannan abinda yafi burge mutane, fukafukan ana naɗe su su kwanta a jikin jirgin cikin 'yan mintuna, faɗinsa ya dawo bai kai ƙafa 10 ba, sai ka tura shi ƙaramin rumfa ko ka ɗaura wutsiyar a bayan mota ka ja shi akan titi. Wannan ba ado bane, kuɗin haya ne aka rage wa mai jirgi.

Wata uku da tashin farko, a ƙarshen Mayu 1925, wani matuƙi Alan Cobham ya ɗauki wannan na farkon ya je Zurich ta Switzerland daga Croydon, filin jirgin Landan na lokacin, ya dawo a rana ɗaya, kusan mil 1,000. Duk mai cewa abin wasan yara ne sai ya yi shiru.

To amma jirgi mai kyau kaɗai baya isa. Akwai Sir Sefton Brancker, shine daraktan harkar jiragen farar hula a lokacin, mutum ne da ya yarda cewa ƙasar da take son matuƙa sai ta sauƙaƙa wa talakawan gari hanyar koyo. Ya samo kuɗi daga gwamnati aka tallafa wa kulob-kulob na koyon tuƙi guda biyar a 1925, na Landan, Lancashire, Midland, Newcastle da Yorkshire, kuma ya zaɓi Moth a matsayin jirgin da zasu yi aiki dashi duk da cewa injinsa ya ninka iyakar da ma'aikatarsa ta gindaya a gasa sau huɗu. Wannan shawarar tasa ina jinjina mata ƙwarai, don ba kowane babban ma'aikaci bane zai ga abinda ofishinsa ya tsara bai yi ba ya ajiye ya ɗauki na wani. Kuma kar a ruɗe, Moth ba jirgin talaka bane, wajen 1930 kuɗinsa kusan fam 650 ne, albashin lebura na shekaru kenan. Kulob ɗin ne suka sa akawu ko malamar makaranta zasu iya biyan kuɗin awa ɗaya a ƙarshen mako su hau jirgin da ba nasu ba har su samu lasisi. Brancker bai daɗe ya ga ƙarshen abin ba, ya mutu a hatsarin balan-balan ɗin nan R101 a Faransa a Oktoba 1930.

Shekarar 1925 ɗin dai ita ce shekarar da jirgin sama ya fara sauka a Kano, farkon watan Nuwamba, jirage uku na sojan saman Ingila da suka taso daga Masar ƙarƙashin Arthur Coningham, kuma samfurin DH.9A ne, daga zanen de Havilland ɗin nan. Wato lokacin da Kanawa suke kallon jirgi a matsayin kayan soja da Turawan mulki, a can gida mai zanen ya riga ya fara maida shi abin da farar hula zai hau ranar Asabar.

Daga nan abu ya buɗe. Moth ya ci gasar tseren jirage ta King's Cup a 1926 da Hubert Broad, ya sake ci a 1927 da 1928. Wasu mutum biyu Stack da Leete suka tashi da Moth biyu daga Ingila a Nuwamba 1926 suka isa Karachi a Janairu 1927. Richard Bentley na Afirka ta Kudu ya kai nasa Cape Town shi kaɗai a 1927. Sai Lady Mary Bailey, uwar 'ya'ya biyar, ta tashi daga Croydon a Maris 1928 ita kaɗai ta nufi Cape Town, jirgin ya kife da ita wajen sauka a Tabora ta Tanganyika aka aiko mata da wani ta ƙarasa, da zata dawo kuma taƙi bin hanyar da ta zo, ta ratsa Kongo ta bi gefen kudancin Sahara ta ɓullo gaɓar yammacin Afirka ta haura Sifen da Faransa, ta sauka gida a Janairu 1929, tafiyar kusan mil 18,000 jimla.

Nasarar nan sai ta haifo wata matsalar. Injin Cirrus da ragowar Renault ake yinsa, ragowa kuma ƙarewa take, kamfanin ya ga in ya zauna wata rana zai ƙera jirage ba inji. Sai suka yanke shawarar yin nasu daga tushe, Halford ya sake zama ya zana Gipsy mai ƙarfin doki 100, daga 1928 aka fara sa shi aka samu DH.60G, wanda duniya ta sani da Gipsy Moth. Gudunsa ya ɗan haura mil 100 a awa, tafiyar yau da kullum wajen mil 85, tanki ɗaya ya kaika mil 300 da ɗoriya. Don su nuna wa duniya ingancinsa suka yi wani abu da har yau nake ganin yafi duk wata talla, aka ɗauki inji ɗaya daga layi, jami'an gwamnati suka buga masa hatimi yadda ba mai buɗe shi, aka yi ta tashi dashi daga ƙarshen 1928 har Satumba 1929, awa 600, mil 51,000, ba abinda ake masa sai ɗan duba na yau da kullum. Da aka kwance shi kayan da aka canza kuɗinsu bai kai fam 8 ba. Wanda zai ratsa teku ko hamada da inji ɗaya tak wannan lissafin yake son ji.

Shi yasa a 1930 Amy Johnson ta iya abinda ta yi. 'Yar garin Hull ce, sakatariya a ofishin lauya a Landan, a kulob ɗin Landan ɗin nan da Brancker ya tallafa ta koyi tuƙi, kuma bata tsaya nan ba ta shiga rumfar makanikai ta koyi gyaran inji har ta samu lasisin injiniyan ƙasa, mace ta farko da ta samu a Ingila. Mahaifinta mai sana'ar kifi da Lord Wakefield mai man Castrol suka haɗa mata kuɗi ta sayi Gipsy Moth na hannu fam 600, G-AAAH, ta sa masa suna Jason, aka ƙara masa tankuna. Ta tashi daga Croydon 5 ga Mayu 1930 ta nufi Ostareliya, kwana shida ta isa Karachi, abinda ba wanda ya taɓa yi shi kaɗai kafin ita. Sai damina ta tare ta a Burma, cikin ruwan sama ta sauka a wani filin ƙwallo a Insein kusa da Rangoon jirgin ya faɗa rami, farfela ta karye fiffike ya lalace. Nan ne amfanin katako da ƙyalle ya fito, ɗaliban makarantar koyon sana'a da ke wurin suka sassaƙa sabbin katakai, aka yayyanka riguna aka ɗinke fiffiken, ta ɗaura farfelar da ta taho da ita ta ajiya, ta ci gaba. Da jirgin ƙarfe ne mai buƙatar kayan masana'anta da tafiyar ta ƙare a ramin nan. Kamar tsohuwar Fijo ce da duk ƙauyen da ta tsaya maka zaka samu wanda ya san kanta. Ta sauka Darwin ta Ostareliya 24 ga Mayu, mil 11,000, bata karya tarihin Bert Hinkler na kwana 15 da rabi ba amma ita ce mace ta farko da ta yi tafiyar ita kaɗai. Jaridar Daily Mail ta bata fam 10,000, jirgin kuma yana rataye a Science Museum a Landan. Jean Batten ta New Zealand ta zo a 1934 da nata Gipsy Moth ɗin ta yi a ƙasa da kwana 15, bayan ta gwada sau biyu tana faɗuwa.

Akwai wani ɓangaren da ba a cika faɗa ba kuma ni yafi taɓa ni. A ƙarshen 1929 Aga Khan, shugaban mabiya Isma'iliyya, ya sa kyautar fam 500 ga ɗan Indiya na farko da zai tuƙa jirgi shi kaɗai tsakanin Ingila da Indiya. A 1930 wani yaro Aspy Engineer ɗan shekara 17 ya taso daga Landan, J.R.D. Tata ya taso daga Karachi, kowanne da Gipsy Moth, suka haɗu a Masar kusa da Iskandariya, yaron ya maƙale saboda matsalar fulogi, Tata ya ciro nasa na ajiya ya bashi alhali gasa suke da juna. Aspy ne ya ci kyautar, daga baya ya zama shugaban rundunar sojan saman Indiya, Tata kuma ya kafa kamfanin jirage a 1932 wanda ya zama Air India. Mutanen da ake mulka ne a lokacin, amma da jirgin ya zo daidai ƙarfin mutum ɗaya sai gashi sun shiga ciki sun gina nasu.

Francis Chichester shima da Gipsy Moth ya nufi Ostareliya a ƙarshen 1929, a 1931 kuma ya sa masa ƙafafun sauka kan ruwa ya ratsa tekun Tasman daga New Zealand, yana neman 'yan tsibirai a tsakiyar teku da na'urar auna rana a hannu ɗaya sitiyari a ɗayan. Dabararsa ita ce ya kauce da gangan zuwa gefe ɗaya, in lissafin rana ya nuna ya zo daidai layin tsibirin sai ya juya, ya san ta wane hannu zai nema. A tsibirin Lord Howe guguwa ta kifar da jirgin cikin ruwa da dare, shi da mutanen tsibirin suka sake gina shi da hannu ya ƙarasa.

Gaskiya biyu ya kamata a ajiye kusa da wannan yabon. Ta farko, tafiye-tafiyen nan akan bayan daular Ingila aka yi su, filayen saukar na sojansu ne ko na jami'an mulkin mallaka, kamfanonin mai sun riga sun kai garewanin fetur sun ajiye, mutanen ƙasashen da aka ratsa su suka share filaye suka tura jirage suka yi gadi, sunansu bai shiga jarida ba. Ta biyu, jirgin yana kisa. Yana da sauƙin tuƙi amma in gudu ya ragu a ƙasa-ƙasa fiffike ya saki iska sai dai wani ba kai ba, shi yasa daga baya aka riƙa sa masa wasu 'yan faifai na Handley Page a bakin fiffiken sama da suke buɗewa da kansu su jinkirta faɗuwar. Denys Finch Hatton a Gipsy Moth ya mutu a Voi ta Kenya a Mayu 1931, jim kaɗan da tashinsa.

Katakon ma yana da iyakarsa, a wurin zafi da laima gam yana saki filawud ya kumbura, don haka daga 1928 aka fito da DH.60M mai gangar jiki ta bututun ƙarfe saboda irinsu Kanada da ƙasashe masu zafi. Kasuwa ta yi ta faɗi har aka bada lasisin ƙera shi a Faransa, Amurka, Ostareliya, Finland da Norway, kamfanin ya buɗe reshe a Ostareliya a 1927 da Kanada a 1928 don haɗa Moth kawai. A Ingila ya kai duk ƙaramin jirgin da mutane suka hango a sama Moth suke ce masa ko da na wani kamfanin ne.

Ƙarshensa soja ne suka sake karɓar abinsu. Rundunar sojan sama tana son jirgin koyarwa amma ta ce malamin da ke kujerar gaba bazai iya fita da laimar tsira ba don tanki da sandunan fiffike sun rufe kansa. Sai injiniyoyin suka matsar da fiffiken sama gaba, da nauyi ya karkace suka lanƙwasa fukafukan baya su daidaita, suka juya injin kansa ƙasa yadda matuƙi zai riƙa ganin gabansa, jirgin da ya fito shine DH.82 Tiger Moth, ya fara tashi 26 ga Oktoba 1931. An ƙera sama da 8,000, kuma mafi yawan matuƙan Ingila da ƙasashen rainonta a Yaƙin Duniya na Biyu a cikinsa suka fara koyo. Injin Gipsy shima ya girma ya zama mai silinda shida, guda huɗu irinsa ne a jikin DH.86 da kamfanin Imperial Airways ya fara jigila dashi daga Khartoum zuwa Kano a 1936. Reshen Kanada kuwa ya ci gaba da rayuwarsa har ya zo ya ƙera Twin Otter da Dash 8, mai farfela biyun nan da kamfanonin jirage na Najeriya suka daɗe suna ɗaukar fasinja dashi tsakanin garuruwanmu.